Ba A Fafe Gora Ran Tafiya: Gargaɗi Kan Ba Kamfani Jirgin Ƙasa

Mutanen Illela ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa a garinsu ba. Hanyar jirgin da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta tsaya a Ƙauran Namoda cikin 1929, tun daga ran nan kuwa ba a ƙara ko taku ɗaya zuwa Sakkwato ba. Shanun da a ke tarawa a kasuwar Illela ran Lahadi, da albasa da wake da ke ƙetarowa daga wajen Birnin Ƙonni, duk a mota su ke tafiya Kudu, kuɗin motar kuwa a kan mai kaya da mai saye ya ke faɗawa.

Amma maganar jirgin ba ta mutu ba. Cikin hanyoyin da Gwamnatin Tarayya ta sa a auna, akwai wadda za ta ci gaba daga Ƙauran Namoda zuwa Sakkwato, ta biyo ta Illela ta faɗa Ƙonni. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin ta Kano zuwa Maraɗi. A watan Maris na 2023 kuma aka gyara tsarin mulkin ƙasa, har ya zama jihohi ma suna da ikon shimfiɗa hanyar jirgi, su ɗauko wanda zai tafiyar da ita. To, ga tambayar da ta kamata malamai da akawuna su fara yi tun yau: in jirgin ya zo, a hannun wa za a sa shi?

Amsar da a ke ji ko'ina ita ce a ba kamfani. Masu faɗin haka suna da hujja. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 a 1964, amma a 2003 ba ta sami ko miliyan 2 ba. An ɗauko ƙwararru daga Indiya sun riƙe ta daga 1979 zuwa 1982, suna tafiya al'amari ya koma yadda ya ke. Ba mu musa wannan ba. Sai dai kafin mu ce amin, ya kamata mu ji labarin wani birni da ya riga mu bin wannan hanya, mu ga inda ta kai shi.

Birnin nan shi ne Buwenos Ayires, babban birnin ƙasar Ajantina a Amurka ta Kudu. Yawancin hanyoyin jirginsu Turawan Ingila ne suka shimfiɗa, kamar namu. A 1948 Shugaba Peron ya saye su, suka zama na Gwamnati. Da tafiya ta yi nisa sai hasara ta yi yawa, taragu suka tsufa, har Gwamnatin Shugaba Menem ta yanke shawarar rarraba wa kamfanoni jiragen da ke kawo ma'aikata daga unguwannin bayan gari zuwa tsakiyar birni. A watan Mayu na 1995 wani kamfani da a ke kira TBA ya karɓi hanyoyi biyu, watau ta Mitre da ta Sarmiento. Masu kamfanin su ne masu ɗimbin motocin haya a birnin, su ne kuma masu ma'aikatar da a ke kai taragun gyara.

Shekarun farko kowa ya yaba. Aka share tashoshi, aka hana shiga ba tikiti, jirgi ya riƙa zuwa kan lokaci, masu shiga suka ƙaru ƙwarai. Sai tattalin arzikin ƙasar ya karye a ƙarshen 2001. Gwamnati ta hana ƙara kuɗin tikiti don tausayin talaka, ta ce ita za ta riƙa cika wa kamfanoni giɓin daga baitulmali. Nan ne aka yi kuskuren da ya haifi sauran. Tun da abincin kamfani ya daina fitowa daga aljihun fasinja, ya koma fitowa daga ofishin minista, sai kamfani ya daina neman yardar fasinja, ya koma neman yardar minista. Kuɗin tallafi ya yi ta hawa kowace shekara, jirage kuwa suna ta lalacewa. Mutane suka riƙa tafiya a rataye bakin ƙofa. Ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya rubuta gargaɗi cewa ba a yin gyara yadda aka yi alkawari, amma takardar ta kwanta a kan tebur.

Ran 22 ga watan Fabrairu na 2012, da hantsi, wani jirgin hanyar Sarmiento cike da masu zuwa aiki ya shigo tashar Onse bai iya tsayawa ba, ya daki ƙarfen da ke ƙarshen hanya. Ba gudu mai yawa ya ke yi ba, amma don tsufan taragun sai na biyu ya kutsa cikin na farko. Mutum 51 suka rasu, fiye da 700 suka ji rauni. Wata uku bayan haka aka karɓe hanyoyin daga TBA. A watan Disamba na 2015 kotu ta ɗaure shugabannin kamfanin, da direban jirgin, da tsofaffin sakatarorin sufuri biyu, Ricardo Jaime da Juan Pablo Schiavi. A 2018 aka yanke wa tsohon minista Julio De Vido hukunci shi ma. Ƙarshenta Gwamnati ta mai da hanyar hannunta, ta sayo sababbin taragu daga Sin da kuɗin jama'a. Watau talaka ya biya sau uku: ya biya tikiti, ya biya tallafi da harajinsa, ya kuma biya da ransa.

A lura da abin da kotu ta yi. Ba ta tsaya kan direba ba, ba ta kuma tsaya kan kamfani ba, sai da ta kai ga waɗanda aka ɗora wa duba kamfanin suka kau da kai. Wannan shi ne gindin maganarmu. Gwamnati tana iya ba da hayar jirgi, amma ba ta iya ba da hayar alhakin rayukan mutanenta. Kamfani riba ya zo nema, ba laifi ba ne, haka ɗan kasuwa ya ke a ko'ina. Laifin yana kan wanda ya miƙa masa amana ya juya ya yi barci.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A 2003 ƙasashen Senegal da Mali suka ba kamfanin Transrail hanyar Dakar zuwa Bamako. Kamfanin ya ga riba tana cikin ɗaukar kaya, sai ya rufe ƙananan tashoshi masu yawa, jirgin fasinja ya yi ta ja da baya har ya daina haɗa biranen biyu. Matan da ke sayar da abinci a tashoshin nan suka rasa sana'a. A ƙarshen 2015 aka soke yarjejeniyar, hanya ta fi da lalacewa. Ga kuma maƙwabtanmu na Nijar. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa ƙarfe kusan mil 90 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a watan Janairu na 2016, amma rigimar shari'a a ƙasar Binin kan wanda ke da ikon aikin ta hana a sada ta da hanyar Kwatano, ba a kuwa yi sufurin kirki a kanta ba. Duk Ba'illelen da ya bi mota zuwa Yamai ya ga ƙarfen nan kwance a gefen titi.

Ba mu ce duk inda aka ba kamfani jirgi sai ya ɓaci ba. Ƙasar Japan ta rarraba nata a 1987, jiragen manyan biranenta kuwa abin misali ne a duniya. Amma can Gwamnati ba ta saki linzami ba, ita ke ƙayyade iyakar kuɗin tikiti, ita ke kafa ƙa'idar lafiyar jirgi, tana kuma bi tana dubawa. Bambancin ke nan, ba wani asiri ba.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu, muna kuma roƙon wakilanmu na majalisa a Sakkwato da Abuja su riƙe su tun ba a sa hannu a kan kome ba. Na farko, duk yarjejeniyar da za a yi da kamfani a buga ta a fili, da Turanci da Hausa, kowa ya san abin da aka yi alkawari da shekarun da aka ɗiba. Na biyu, a rubuta ƙarara cewa jirgin fasinja zai tsaya a garuruwa irin su Kware da Gwadabawa da Illela, sau kaza a mako, kada a wayi gari jirgin kaya yana wucewa ta gabanmu muna ɗaga masa hannu. Na uku, in za a ba da tallafi, kada a biya kwabo sai mai duba ya sa hannu cewa an gyara birki da gadoji, gama kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Na huɗu, mai duban nan kada ya kasance ƙarƙashin ministan da ya ba da kwangilar, rahotonsa kuma a karanta shi a majalisa kowace shekara.

Wannan aiki ya fi shafar ku malamai da akawuna. Ku ne masu iya karanta takarda ku fassara wa dagaci da sarkin kasuwa da 'yan tireda abin da ke ciki. Ku ne kuma a kan kawo wa takarda a ce ku sa hannu. Wanda ya sa hannu cewa an yi gyaran da ba a yi ba, ya tuna da mutum 51 na tashar Onse, ya tuna kuma ɗansa na iya zama cikin taragon.

Mun jira jirgi tun 1929, ƙarin 'yan watanni don a tsara sharuɗɗa masu kyau ba zai cuce mu ba. Allah ya kawo mana shi lafiya, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin.