ADC: Jirgin da Bai Iso Sakkwato Ba

Duk shekara idan gero ya shiga rumbu, dawa ta fara ja, sai ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006 ta dawo mini sabuwa. Ba a daɗe da yin ƙaramar Sallah ba. Muna zaune gindin dogon yaro a Sabon Birni, wani dattijo ya kara rediyo a kunnensa, sai muka ga ya sauke shi a hankali yana salati. "Jirgin Sakkwato ya faɗi," in ji shi, "kuma Sarkin Musulmi na ciki." Nan take gari ya yi tsit. Mu Gobirawa da kakanninmu suka gwabza da kakannin Sarkin Musulmi Maccido har Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, ranar nan kuka muka yi irin na wanda ya rasa uba, don kuwa uban ne.

Mutum 105 ne cikin jirgin, ƙirar Boeing 737 na kamfanin ADC, wanda ya taso daga Legas ya yada zango a Abuja. Da hantsi ya ɗaga zuwa Sakkwato, bai yi nisa ba ya rikito cikin gonaki a Tungar Madaki, daf da filin jirgin. Mutum 96 suka rasu, 9 suka tsira. Cikin mamatan, ban da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, akwai ɗansa Sanata Badamasi Maccido, da Mataimakin Gwamna Garba Muhammad Silame, da Sanata Sule Yari Gandi, da Abdurrahman ɗan tsohon Shugaban Ƙasa Shehu Shagari. Gwamnan lokacin, Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa ne, don haka motoci suka yi ta barin yankinmu zuwa Sakkwato gaisuwa.

Yau in ka tambayi matashi mene ne ADC, sunan jam'iyya zai kawo maka. Kamfanin ya mutu, labarinsa ya bi shi kabari, kuma wannan ne ke damuna.

An kafa shi a 1984, ya fara jigilar fasinja a 1991, yana zirga-zirga tsakanin biranen Nijeriya da wasu na Afirka ta Yamma. Tun yana ɗan shekara uku a sama alamu suka soma bayyana. A 1994 jirginsa ƙirar DC-9 ya yi haɗari wajen sauka a Monrobiya ta Laberiya, a 1995 wani DC-9 ɗin ya sake yi a birnin. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Ranar 7 ga Nuwamban 1996 ce ta zo da babban rashi: Boeing 727 daga Fatakwal zuwa Legas ya faɗa cikin ruwa a Ejirin da mutum 144, babu wanda ya fita, cikinsu har da Farfesa Claude Ake. Adalci shi ne a faɗi cewa kuskuren farko a wannan karon na mai ba jirage hanya ne daga ƙasa, wanda ya sa jirage biyu suka doshi juna, matuƙin ADC ya yi ƙoƙarin kaucewa jirgin ya kufce masa. A 1997 kuma wani jirgin kamfanin ya zarce titin sauka a Kalaba. Huɗu ke nan cikin shekara huɗu. Duk wannan yana rubuce tun kafin a sayar wa Sarkin Musulmi tikiti.

Abin da ya kada jirgin Abuja kuwa, duk manomin Gobir ya san shi ko da bai taɓa ganin cikin jirgi ba. Ka tuna hadarin ƙarshen damina, yadda yake haɗowa daga gabas baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta riga ruwa isowa, ta kwantar da dawa ta yi yamma, kafin ka ɗaure bakin buhu ta juyo ta kwantar da ita wani gefen. Iskar nan daga cikin gajimare take dirowa, ta daki ƙasa, ta watsu ko'ina kamar ruwan da aka sheƙa a daɓe. Jirgin da ke tashi in ya shige ta, da fari tana bugun gabansa ta ɗaga shi, sai ta danno shi ƙasa, sannan ta koma bayansa ta ƙwace masa iskar da fukafukansa ke dogara da ita. Duk cikin 'yan daƙiƙoƙi, a lokacin da jirgin bai yi sama sosai ba balle ya sami sararin gyara kansa.

Rahoton hukumar binciken haɗarin jiragen sama ya ce an san yanayi ba kyau aka tashi, kuma da iskar ta kama jirgin ba a bi matakan da ake bi a kuɓuta daga gare ta ba. Ministan jiragen sama na lokacin, Babalola Borishade, tun washegari ya ɗora laifin kan matuƙi. Ni ban gamsu a tsaya nan ba. Matuƙin ya rasu tare da fasinjojinsa, ba shi da bakin kare kansa, kuma rahoton da kansa ya nuna gazawar kamfanin wajen horar da matuƙansa kan irin wannan iska da kuma shimfiɗa musu ƙa'idar aiki cikin mummunan yanayi. Hadari irin wannan ba ya daɗewa. Da an dakata kaɗan, da ya wuce.

Ba wannan ne karon farko da rashin jira ya ci mutanen Sakkwato ba. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka ɗauko haya da sunan Nigeria Airways, ya taso daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. An san iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa, aka ƙi tsayawa a cika don kada a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi suka kama da wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutarsu. Mutum 261 suka rasu.

Na san abin da za a ce mini: kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka, ko da wasa ba na jayayya da ƙaddara. Amma shari'ar da ta koya mana ajali ita ce ta wajabta diyya a kisan kuskure. Ajali na Allah ne, sakaci kuwa yana da mai shi, kuma ana tambayarsa.

Gwamnati ta tambaya, ko da yake sai da aka yi asarar rayuka da yawa. Kafin ADC, jirgin kamfanin Bellview ya faɗi a Lisa cikin Oktoban 2005, na Sosoliso ya faɗi a Fatakwal cikin Disamba da 'yan makaranta. Aka dakatar da lasisin ADC, aka ƙarfafa hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da sabuwar doka, aka ba kamfanoni wa'adin ƙara jari zuwa 30 ga Afrilun 2007. ADC bai sake tashi ba.

Mu a nan jirgin sama sai aikin Hajji, amma halin da ya kada shi kullum muna tare da shi. Je ka bakin Gulbin Rima ko Bunsuru ranar kasuwa da damina. Jirgin ruwa ya cika har ruwa na lasar bakinsa, ga babur, ga buhunan hatsi, ga awaki, hadari kuma ya haɗo. Mai tuƙi ya ɗaga kai ya dubi gabas ya ce a ɗan saurara. Ka ji abin da mu fasinja ke ce masa: "Haba Sarkin Ruwa, ka cika tsoro, mu tafi, Allah na nan." Haka muke yi wa direba a tasha in ya ce tayarsa ta yi sanyi. Na sha jin wannan magana, kuma ina jin nauyinta duk lokacin da na tuna Tungar Madaki. Wanda ya ce a jira shi ya kamata mu mara wa baya, ko da kasuwa za ta watse ba mu isa ba.

Tun 2022 hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta koma NSIB, aikinta ya haɗa da jiragen ruwa da na ƙasa. Ina roƙon ta riƙa zuwa gulabenmu duk lokacin da jirgi ya kife, ta bincika kamar yadda aka bincika na Abuja. Ina kuma roƙon Gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa a mayar da rahoton jirgin ADC da na Jidda zuwa Hausa, Gidan Rediyon Rima ya riƙa karanta su duk 29 ga Oktoba bayan an yi wa mamatan addu'a, a kuma kai kwafi ga shugabannin direbobi da sarakunan ruwa na Isa da Sabon Birni.