Guraben Baƙin Injiniyoyi da Yaran Fadamar Rima

Malam Edita,

A taimaka wa mai wannan wasiƙa da ɗan fili ya tofa albarkacin bakinsa kan wata magana da ake yi a Abuja kamar ba ta shafi mutanen Kabi ba, wato yadda gwamnati ke raba wa kamfanoni guraben ɗauko ƙwararrun ma'aikata daga ƙetare.

A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙin ma'aikata: dala 15,000 duk shekara a kan darakta, dala 10,000 a kan sauran. Masu masana'antu da 'yan kasuwa suka yi ca, ba a rufa mako biyu ba aka jingine shi. Daga 1 ga Mayun 2025 kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ƙarƙashin Olubunmi Tunji-Ojo, ta mayar da neman biza ta intanet. Ba Najeriya kaɗai ke wannan gyare-gyare ba. Amurka, wadda ta saba raba bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B guda 85,000 a shekara ta hanyar ƙuri'a, ta ɗora wa kamfanoni dala 100,000 kan sabuwar takarda a Satumban 2025, Birtaniya kuma ta daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje a watan Yulin shekarar. Kowace ƙasa tana kare tuwon 'ya'yanta, kuma ba a ga laifinta ba.

Sai dai muhawarar tamu duk ta tafi kan nawa za a biya, alhali akwai sharaɗin da ya fi kuɗin daraja yana kwance a cikin ƙa'idar raba guraben tun tuni. Duk kamfanin da aka ba gurbin baƙo ɗaya, dole ya haɗa baƙon da 'yan ƙasa biyu masu ilimin aikin, su riƙa koyo a hannunsa har su gaje shi idan wa'adinsa ya cika. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna kukan cewa a wurare da dama sunayen 'yan koyon a takarda kawai suke, ana sabunta gurbi shekara da shekaru ba wanda ya gaji kowa.

To me ya haɗa wannan da garinmu Zauro? Shinkafa. A Jihar Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015, a nan Zauro kuma aka jera dalar shinkafa a 2021 har manyan baƙi suka zo kallo. Ga kamfanin casar shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, ga katafaren kamfanin WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Shanshera ta samu kasuwa a ƙofar gida, wannan alheri ne da ba mai musu. Amma injinan casa na zamani, daga tukunyar turara har injin da ke tsince baƙar ƙwaya da ido na lantarki, daga ƙetare ake sayo su, kuma bisa al'ada wanda ya sayar shi ke turo mai kafawa da mai gyara. Ranar da irin wannan inji ya tsaya, tireloli ne za su yi layi a bakin ƙofa, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, manomi yana jiran kuɗinsa, kowa na jiran mutum ɗaya da ya san kan na'urar.

Wanda ke shakkar ko yaranmu za su iya, ya leƙa fadama lokacin noman rani. Zai ga saurayin da bai wuce sakandare ba ya kwance injin ban ruwa filla-filla a kan buhun taki, ya wanke kafireto da fetur a gwangwanin madara, ya ɗaure tiyon da ya tsage da tsohuwar robar taya, kafin azahar ruwa ya koma fangali. Ba wanda ya ba shi littafi, ido da hannu kawai. Balle kuma waɗanda Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero ke yayewa kowace shekara da takardar injiniya, wasunsu yanzu kabu-kabu suke yi a Birnin Kebbi (ba raini ga sana'ar ba, amma ba ita iyayensu suka sayar da shanshera don su koya ba).

Mai wannan wasiƙa ba ya goyon bayan a kori baƙo, kuma bai ga amfanin harajin da zai sa kamfani ya ɗora kuɗin kan farashin buhu ba. Baƙon da ya iya aiki a bar shi ya zo, a karrama shi. Roƙon shi ne, tunda takardun sun koma kwamfuta, ma'aikatar ta riƙa bayyana yawan guraben da kowace masana'anta ta samu a kowace jiha, da shekarar da 'yan koyo za su karɓi aiki, kuma kada a sabunta gurbi sai jami'in Hukumar Shige da Fice ya je ya ga ɗan koyon da idonsa a gaban inji. Gwamnatin Kebbi kuma ta nemi a riƙa ɗaukar 'yan koyon daga makarantun jihar, 'yan majalisarmu na tarayya su ɗaga maganar idan ministan ya zo kare kasafin kuɗinsa.

Wassalam.

Wani manomi mai karanta jaridarku,
Zauro, Jihar Kebbi