Ganyen Ƙarshe Shi Ke Cika Ƙwayar Alkama

Manoma da dama a Kadawa kan yaba irin alkama saboda yawan ganyensa. A ganina wannan ma'auni na yaudara. Faffaɗan ganye da ya sunkuya yakan yi wa na ƙasa inuwa, in taki ya yi yawa kuma karan ya kwanta.

Abin dubawa shi ne ganyen ƙarshe da ke ƙarƙashin zangarniya, domin shi ne kan gaba wajen ciyar da ƙwaya. Irin da ganyen nan nasa ya daɗe kore, tsatsa ba ta kama shi ba, ya fi cika ido idan zafin Maris ya shigo. Malaman gona su kwatanta iri bayan fitar kai. Kada kuma a yanke ban-ruwa tun ganyen bai fara rawaya ba.