FILIN SANA'A: Hayaƙin da ke shaƙe motar a-kori-kura

A Safo da ƙauyukan da ke bakin Gulbin Maraɗi, motar a-kori-kura ita ce jakin zamani. Ita ke kwasar hatsi da wake da kaka, ita ke kai zogale da tumatir kasuwar Maraɗi ran Litinin da Juma'a, ita ce kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa likita da tsakar dare. In ta kwanta, ba mai ita kaɗai ke shan wahala ba, gari duka ke ji a jika.

Akwai wata cuta da ke yawan kama waɗannan motoci, musamman masu shan gazuwal irin su Toyota Hilux. Mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ta kasa hawan ɗan tudu in an yi mata lodi, shan mai kuma ya ƙaru. Da an ga haka sai a ce pompin mai ne ya lalace, ko kuwa inji ya gaji. Mai mota ya saida tumaki ya biya gyara mai tsada, bayan sati biyu cuta ta dawo. Sau da yawa kuwa laifin na wani ɗan ƙarfe ne da bai fi dunƙulen hannu girma ba. Sunansa bawul na EGR, makanikai na ce masa ban EGR.

Mene ne aikinsa?

Inji yana shaƙar iska, ya gama ta da mai, ya ƙone su, ya fitar da hayaƙi ta salansa. In wutar cikin inji ta yi zafi ƙwarai, takan haifar da wata iska mai guba da ke cutar da huhun mutum. Don a rage ta, sai masu ƙera mota suka yi dabara: suka buɗe wata ƴar hanya da ke maido da kaɗan daga hayaƙin zuwa cikin inji, don wutar ta yi sanyi-sanyi. Bawul na EGR shi ne ƙofar wannan hanya. A injin gazuwal yakan buɗe in mota na tafiya a hankali, ya rufe ruf in an taka totur ana neman ƙarfi.

An soma sa shi a motocin Amurka cikin shekarun 1970. Daga 1992 ƙasashen Turai suka kafa dokokin hayaƙin mota, suna ƙara tsananta su lokaci lokaci. Shi ya sa tsofaffin motocin Turai da aka yi ta shigowa da su ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke ɗauke da shi, haka ma Hilux mai injin D-4D da ta fito a 2005. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 na da kuwa, galibi ba su da shi. To, kafin kome, sai a tabbata motar tana da shi.

Me ke lalata shi?

Kunkunniya ce. Kamar yadda hayaƙin murhu ke baƙanta rufin madafa, haka hayaƙin inji ke tara kunkunniya a bakin bawul. In ta haɗu da tururin baƙin mai sai ta zama kamar kwalta, ta riƙe ƙofar. In ƙofa ta maƙale a buɗe, inji na shaƙar hayaƙinsa kullum maimakon iska mai kyau, kamar mutumin da aka rufe a ɗaki da garwashi. Daga nan ƙarfi ke tafiya, baƙin hayaƙi ya yawaita, wani lokaci inji ya riƙa karkarwa ya mutu da kansa. In ta maƙale a rufe, mai gazuwal ba ta cika nuna alama ba sai fitilar gargaɗi, amma mai shan esans takan yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani in tana hawa.

Abubuwa ukku ke gaggauta wannan cuta a ƙasar nan. Na fari, ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin ƙauye, masu toshe matatar iska. Na biyu, man da ya daɗe cikin jarka a bakin hanya, wanda ƙasa ko ruwa ya shiga. Na ukku, barin inji na aiki mota na tsaye a tasha awa guda ana jiran fasinja.

Yadda ake bincike

Ƙa'ida ɗaya ce: a fara da mai araha, a ƙare da mai tsada.

1. A buɗe matatar iska a duba. In ta cika da ƙura, ita kaɗai ta isa ta kawo baƙin hayaƙi. A kaɗe ta, in ta tsufa a sake wata.

2. A bi ƙananan tiyo na roba da ke zuwa kan bawul. Zafin rana na busar da su su tsage. In bawul ɗin mai lantarki ne, a duba wayoyinsa, ko sun saki ko sun yi tsatsa.

3. In mai tiyo ne, a zare tiyon daga kan bawul, a toshe bakinsa, a ɗan zagaya da mota. In ƙarfi ya dawo, bawul lafiya lau yake, abin da ke ba shi umurni ne ke buɗe shi ba bisa lokaci ba. In ba abin da ya sake, sai a wuce gaba.

4. A bari inji ya huce sarai, a cire kan batir, a kwance bawul. A ɗaga shi a duba ko ƙofarsa na zama daidai. A kankare kunkunniyar da buroshi da ɗan kananzir, har ƙofa ta riƙa motsi ba gardama. Kada a jiƙa ɓangaren lantarki ko robar da ke samansa. A toshe bakin hanyar inji da tsumma mai tsabta, kada dattin ya faɗa ciki, a kuma tuna a cire tsumman kafin a ɗaure. In gaskit ya ƙone a sa sabo.

5. In fitilar gargaɗi na kunne, akwai masu na'urar karanta cutar mota a garejin birni. Lamba P0401 na nufin hayaƙin da ke dawowa ya yi kaɗan, P0402 na nufin ya yi yawa. Mai mota ya karanta lambar da idonsa, ya rubuta ta.

Sai an gama waɗannan duka, cuta ba ta tafi ba, sannan a yi zancen pompi da injekta. Wata alama kuma da ba a wasa da ita: in ruwan lagireto na raguwa, farin hayaƙi na fita, to a tsaida mota a nemi gwani, don wasu motocin na da tukunyar sanyaya hayaƙin EGR, takan kuma huje.

Zancen toshewa

Waɗansu makanikai kan yanko ɗan faranti su toshe hanyar gaba ɗaya, su ce an huta. Gaskiya ne mota kan tashi. Amma a mota mai kwamfuta fitilar gargaɗi kan zauna a kunne, ranar da babbar cuta ta zo ba mai ganewa. Iskar gubar nan kuma sai ta ƙaru, masu shaƙar ta kuwa su ne karen mota da ke bayanta, da mata masu talla a tasha, da yaran da ke goye. Wankewa ta fi toshewa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ya duba bawul ɗinsa tun kafin kaka, kada ya bari sai buhuna na jibge bakin gona. Ya aje ɗan littafi cikin mota, ya riƙa rubuta ranar da aka sake baƙin mai, da ranar da aka sake matata, da ranar da aka wanke bawul, da lambar kilomita. Direban da ya shiga makarantar yaƙi da jahilci, wannan aiki ba zai gagare shi ba, kuma ba mai sa shi biyan kuɗin gyaran abin da bai lalace ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a yi kaka lafiya.