Naman da ba shi da asali a firjin shagunan Malali

Shagunan zamani na Malali da Unguwar Rimi sun kawo wa ma'aikaci sauƙin da yake nema: naman sa a yanke, a naɗe cikin leda, a jere cikin firji. Takardar da ke manne a jikin ledar kuwa, galibi nauyi da farashi kawai take faɗa. Wani lokaci a ƙara kalmar halal, wadda duk mai na'urar buga takarda zai iya rubutawa. Mayankar da aka yanka san, ranar yanka, likitan dabbobin da ya duba shi, duk ba a ambata su.

A da mahauci shi ne shaidar namansa. An san gidansu, an san wurin wanda ya koyi fawa, kuma idan ya sayar da mushe ko naman dabba mai ciwo, akwai Sarkin Fawa da za a kai wa ƙara. Shago ya cire mahauci daga tsakani bai sa komai a gurbinsa ba. Yaron da ke karɓar kuɗi bai san ko daga mayankar Zango ta Tudun Wada naman ya fito ba, ko daga bayan gidan wani.

Dokoki akwai su. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ƙa'idojin lakabin abincin da aka ƙunshe, masu neman suna da adireshin mai sarrafawa da kwanan wata. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda ta haifi hukumar FCCPC, ta hana bayanin kaya mai yaudara. Tsarin mulkin 1999 kuma ya danƙa kula da mayanku ga ƙananan hukumomi. Sai dai naman da shago ya yanyanka ya ƙunshe da hannunsa yana faɗawa tsakanin waɗannan ofisoshi, kamar jakin gayya da yunwa ke kashewa.

Ranar yanka ita ce mafi muhimmanci, kuma ita aka fi ɓoyewa. A garin da wuta ke ɗaukewa sa'o'i, nama yakan narke ya sake daskarewa, ido ba ya ganewa. Inda aka daure aka sa kwanan wata ma, ranar ƙunshewa ce, wadda sabuwar leda ke iya sabuntawa.

Masu shaguna za su ce tsada, za su ce wannan fi'ilin Turawa ne. Turawan ma wuya ce ta koya musu. Bayan annobar haukan shanu, Tarayyar Turai ta wajabta a 2000 cewa naman sa ya ɗauki lambar da ke komawa ga dabbar da kuma lambar mayanka. Hakan bai hana ha'inci ba, domin a 2013 an gano naman doki a cikin abincin da aka rubuta wa naman sa a Ireland da Ingila. Amma takardu sun sa cikin makonni aka bi sawunsa ta wani kamfanin Faransa har mayankun Romaniya. A Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Da naman irin wannan gona ya shigo firjin Malali, wace takarda za a bi a janye shi?

Ba mahaucin Kasuwar Kawo ake nema ya sayi na'ura ba. Shagon da ya iya buga farashi har da kwabo zai iya ƙara layi uku: sunan mayanka, ranar yanka, lambar likitan da ya duba. Majalisar dokokin jihar Kaduna na iya sa wannan cikin sharuɗɗan lasisin duk shagon da ke ajiye nama a firji, ma'aikatan duba-gari su riƙa gwada ledar da rajistar mayanka.