Marubutanmu, Kun Ƙi Waiwayen Gida

A hutun da ya wuce na zauna a Dutsin-Ma na karanta littattafai huɗu, kowanne da irin nasa jigon. Abin da na gani ne ya hana ni yin shiru, don an ce ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Na fara da maimaita Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933. Ban dariya ne, amma har yau in na karanta wa ɗalibai rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe sai aji ya yi tsit, sannan ya fashe da dariya. Na biyu shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗan Katsina, wanda aka buga a 1982. Labarin Mailoma ne, wanda ya dawo daga yaƙin basasa ya tara 'yan daba da makamai. Jama'a, duk wanda ya zauna tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma a shekarun nan, in ya karanta littafin nan sai tsikar jikinsa ta tashi. Sai ka ce marubucin ya leƙo zamaninmu.

Na uku Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. A nan nake da ja da malamanmu masu yi wa littattafan nan kuɗin goro da sunan Adabin Kasuwar Kano. Rabi, matar da miji ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su, wace unguwa ce babu irinta? Littafin da aka raina shi ne aka fassara zuwa Turanci a Indiya a 2012. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano. Me ƙonawar ta gyara?

Na huɗun kuwa a wayar wata ɗalibata na same shi, ba zan faɗi sunansa ba. Shafi ya fi ɗari uku, amma daga attajirin saurayi sai mota sai tafiya Dubai. Ba a raba kalma daidai, ba waƙafi, ba aya, rabin zancen Turanci. Laifinsa ba soyayyar ba ce, ai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ma soyayya ce. Laifinsa lalaci.

To, ga tambayata ga 'yan ƙungiya. Manomin da ya bar gonarsa don tsoron 'yan bindiga, da uwar da ta sayar da shanu ta fanso ɗanta, da yarinyar da kujerarta ta zama fanko a ajina, wa zai rubuta labarinsu? Ko sai Bature ya zo ya rubuta mana, mu saya da tsada?

Na san za a ce kasuwa ake bi. Haba! Kasuwar ai marubuci ne ya koya mata abin da take so. In kun ba yaranmu tuwo mai kyau za su ci.

Shawarata biyu ce. Ƙungiya ta sa gasa a kan rayuwar ƙauyukanmu, kuma kada ta ɗora tambarinta a kan littafin da ba a tace rubutunsa ba. Wanda na taka wa ƙafa ya ɗauki alƙalami ya ba ni amsa a fitowa ta gaba, ina nan ina jira.

Wassalam.