Kafin a yaƙi wuta-wuta, sai an fara saninta

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ko ta Maraɗi zuwa Damagaram, a ƙarshen damina, zai ga gonakin dawa da gero da wani fure mai ruwan hoda ya cika ƙarƙashinsu. Baƙo yakan ce gonar ta yi kyau. Mai gonar kuwa ya san ta'aziyya ta kamace shi, domin wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji, kuma ranar da ta fito fili ta riga ta shafe makonni tana tsotson saiwar hatsin a ƙarƙashin ƙasa. Ra'ayina shi ne, ɗan abin da aka samu na galaba a kan wannan ciyawa ya fito ne daga irin binciken da mu muka fi rainawa: aikin masu rarrabe tsirrai da ba su suna, da masu bin diddigin yadda suke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, da masu nazarin zamansu da ƙasa da sauran halittu. A jami'o'inmu, waɗannan su ne 'yan bora. Idan an zo rabon kuɗin bincike, su ake fara tsallakewa, kuma manomi ne ke biyan kuɗin wannan tsallake.

A fara da yadda ciyawar take rayuwa. Irinta kamar ƙura yake saboda ƙanƙanta, tushe ɗaya yakan zubar da dubban ƙwayoyi, kuma suna iya kwanciya a cikin ƙasa fiye da shekara goma ba su mutu ba. Ba sa tsirowa don an yi ruwa kawai. Sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, sannan su farka, su miƙa ɗan tsiro su kama saiwar. Wanda ya farka bai sami abin kamawa ba, cikin 'yan kwanaki zai mutu. An gano wannan sinadari ne a Amurka, inda wata 'yar uwar tamu wuta-wutar ta ɓulla a gonakin masara na jihohin Karolina a tsakiyar shekarun 1950. A 1966 masu bincike suka ware shi, kuma abin mamaki daga saiwar auduga suka same shi, alhali auduga ba ta cikin abin da ciyawar ke iya tsotsa. Ma'anar wannan ga mai gona a fili take: akwai shukar da ke tayar da irin wuta-wuta daga barci ba tare da ta ciyar da shi ba. A nan ne hikimar juya gona da auduga ko waken soya ta sami hujja, domin kowace damina da aka yi haka, ana rage taskar irin da ke binne.

Tambayar da ta rage shekaru da yawa ita ce, me zai sa dawa ta riƙa kiran maƙiyinta da bakinta? Amsar ta zo a 2005 daga masu bincike a Japan, waɗanda hankalinsu ma ba a kan wuta-wuta yake ba. Sun nuna cewa shuka tana fitar da sinadarin ne don ta jawo wasu ƙananan halittu dangin naman kaza da ke zaune cikin ƙasa, waɗanda ke manne wa saiwa su taimaka mata wajen zuƙo abinci, musamman fosfarus. Idan ƙasa ta gaji, abinci ya yi ƙaranci, shukar takan ƙara yawan kiran. Wuta-wuta laɓe kawai take yi tana saurare. Tsofaffin manoma sun daɗe da cewa ita ciyawar matacciyar gona ce, kuma sun yi gaskiya, amma sai da wannan bincike aka san dalilin, aka kuma san cewa takin gargajiya da na zamani ba ƙarfafa hatsi kawai suke yi ba, har rage kiran suke yi.

Inda aikin masu rarrabe tsirrai ya fi fitowa fili shi ne a kan wake, wanda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya nomansa, Nijar na biye da ita. A bakin mutane, wuta-wuta ɗaya ce. A wurin masana kuwa, wadda ke cin dawa da gero ita ce Striga hermonthica, wadda ke cin wake ita ce Striga gesnerioides, sannan akwai wata mai rawayan fure da ake kira Alectra vogelii, ita ma wake take kamawa. Ta dawa ba ta cin wake, ta wake ba ta cin dawa, kuma wanda bai san wannan ba zai iya bai wa manomi shawarar da za ta ƙara masa asara. Ba a nan abin ya tsaya ba. Da aka fara fitar da irin wake mai jure wa ciyawar, sai aka ga iri ya yi fice a Burkina Faso, a kawo shi Najeriya ya faɗi warwas. Masu bincike suka tattaro irin ciyawar daga ƙasashe daban-daban, suka gwada kowanne a kan wake iri-iri, suka gano cewa ta waken kanta ta kasu gida-gida. A shekarun 1990 an lissafa gida biyar, zuwa 2006 binciken ƙwayoyin gado ya kai su bakwai: ta Burkina Faso daban, ta Mali daban, ta Kamaru daban, ta Senegal daban, Najeriya da Nijar suna tarayya a guda, Benin kuma tana da biyu. A ido, ba mai iya bambanta su.

Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Wani wake na gargajiya da aka tattaro daga Botswana, aka ajiye da lamba B301, shi aka samu yana hana ciyawar kama saiwarsa. Ba wake ne da za a yi sha'awarsa a kasuwar Dawanau ba, ƙwayarsa ƙanana ce. Amma masu inganta iri a cibiyar IITA ta Kano, inda Dokta B. B. Singh ya yi shekaru yana aiki, tare da takwarorinsu na Samaru a Zariya, sun yi ta haɗa shi da irin da manoma ke so har aka sami wake mai kyan ƙwaya da ke tsayawa a gonar da wuta-wuta ta mamaye. Da wani bai ɗauki wahalar tattaro wannan wake, ya rubuta inda ya same shi, ya adana ba, da babu abin haɗawa. Sai dai labarin yana da wutsiya: a yankin Zakpota na kudancin Benin an tarar da wani gida na ciyawar da ke cin B301 ɗin kansa.

A nan ne maganar sauyawar halitta ke shigowa, kuma na san kalma ce da wasu masu karatu ke ɗari-ɗari da ita, saboda muhawarar da ta shafi asalin ɗan Adam. Wannan muhawara tana da wurinta, amma ba ita ce a gabanmu ba. Abin da ake nufi a gona abu ne da kowa ya gani da idonsa: sauro ya daina jin maganin da yake kashe shi a da, zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokwin. A cikin dubban ƙwayoyin da ciyawa ta zubar, kaɗan za su zo da bambancin da zai ba su damar kama sabon iri, su ne za su rayu su haihu, bayan 'yan damina su ne za su cika gonar. Ta dawa da gero ma ta fi haɗari ta wannan fuska, domin furenta ba ya yin iri sai da barbarar wani tushen, don haka 'ya'yanta ba sa zuwa kala ɗaya. Ke nan ba a fitar da iri mai juriya sau ɗaya a naɗe hannu. Dole a sami mutanen da aikinsu shi ne zagaya gonaki kowace shekara, su tattaro, su gwada, su sanar da wuri idan wani sabon gida ya ɓulla.

Ƙorafi na farko da ake yi a kan wannan ra'ayi nawa ba na wasa ba ne. Ƙasar da yara ke kwana da yunwa, asibitoci ba magani, ina ta ga kuɗin biyan mutum ya danne ganye a tsakanin takardu ya rubuta masa sunan Latin? A ba mu taki da iri da famfon ban ruwa, sauran a bar wa masu ƙoshi. Amsata ita ce, irin da ake cewa a bayar daga ina ya fito? Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ya sami babbar lambar yabo ta duniya kan abinci a 2009 saboda dawar da ke jure wa fari da wuta-wuta, ya kai ga nasararsa ne bayan shekaru ana binciken yadda saiwar dawa da irin ciyawar suke magana da juna. A Kenya, dabarar shuka wata ciyawa mai suna Desmodium a tsakanin layukan masara an fara ta ne don korar tsutsar kara, sai masu lura suka ga wuta-wuta ma tana ja da baya a wurin. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Kuma idan aka auna, wannan fanni yana cikin mafi arha a kimiyya: ɗaki marar danshi, akwatunan ajiya, madubin ƙara girma, mota da man zagaye, da albashin mutum ƙalilan. Kuɗin taron ƙaddamar da rabon taki guda ɗaya zai riƙe irin wannan ɗaki tsawon lokaci.

Ƙorafi na biyu ya fi burge ni, domin akwai gaskiya a cikinsa. Ana cewa manoma da makiyaya da masu maganin gargajiya sun san itatuwa da ciyayin dajinsu fiye da kowane farfesa. Haka ne, kuma Turawan da suka fara rubuta tsirranmu sun san da haka. J. M. Dalziel, likita ne ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewa zamanin mulkin mallaka, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma daga bakin mutanen karkara ya kwaso abin da ke ciki. Sai dai sunan gida yana da iyaka. Itace ɗaya ne wani ke kira darbejiya, wani dogon yaro, wani maina, wani bedi. A gefe guda, suna ɗaya na wuta-wuta ya rufe jinsi fiye da ɗaya. Manomin Gumel ba shi da hanyar sanin cewa ciyawar da ke gonarsa ba ita ce ta Mali ba, ko cewa maganinta yana cikin wani wake a Botswana. Sunan kimiyya da samfurin da aka adana su ne gadar da ke haɗa saninsa da na sauran duniya. Abin tsoron ma shi ne, masu wannan sani na gida suna ƙarewa, jikokinsu kuma da yawa ba za su iya bambanta marke da taramniya ba.

Sai masu cewa zamani ya wuce wannan: akwai na'urar karanta ƙwayoyin gado, akwai manhajar waya da za ka ɗauki hoton ganye ta faɗa maka sunansa, kuma ai ma'ajiyar Kew da ke Landan tana da samfuri kusan miliyan bakwai. Amma na'urar tana kwatanta abin da aka ba ta ne da samfurin da wani masani ya riga ya tantance. Manhajar kuma da hotunan da aka ciyar da ita take aiki, kuma yawancinsu daga Turai da Amurka suke. Ba ɗayansu da zai je fadamar Haɗeja ya ga abin da ke ɓacewa tun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Babban littafin da har yau ake dogara da shi wajen tantance tsirran Afirka ta Yamma, wanda Dalziel da John Hutchinson suka fitar tsakanin 1927 da 1936, an kammala bugunsa na biyu ne a 1972, wato kafin babban farin 1973 ya gama ɓarnarsa, kafin madatsar Tiga, kafin dazuzzuka da yawa su koma gonaki da unguwanni. Da taswirar dajin da ya wuce muke shirin dashen itatuwan yau.

Ba mu rasa tushe ba. Akwai ma'ajiyar busassun tsirrai ta cibiyar binciken gandun daji a Ibadan, akwai ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai cibiyar INRAN a Nijar. Abin da ya yi ƙaranci shi ne magada. Ɗalibi mai ƙwazo da aka tura sashen nazarin tsirrai yakan ɗauka an jefar da shi ne don bai sami gurbin likitanci ba, kuma ba ya ganin aikin da ke jiransa idan ya gama. Ya kamata hukumar TETFund ta ware wani kaso na kuɗin bincike musamman don tattarawa da tantance tsirran yankin savana da Sahel, na shekaru a jere, ba na shekara ɗaya ba. Jami'o'in Arewa su buɗe gurbin aiki na dindindin ga masu kula da ma'ajiyar tsirrai, su ɗauki hoton samfuran da suke da su su ɗora a intanet da sunayensu na Hausa da Fulfulde da Kanuri. Gwamnonin jihohin da ke noman wake da dawa kuma su ɗauki nauyin zagayen shekara-shekara na tattaro irin wuta-wuta daga gonaki, tare da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram, tunda gida ɗaya ne na ciyawar ke cin waken ɓangarorin biyu.